Durƙusa wa Wada: Bitar Ƙafafun Fijo 504

A ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya gama cinye hanyoyin burji ya bar su ramuka da zaizaya, na raka ƙanena gareji. Ya sayi mota 'yar Kwatano mai sheƙi da faffaɗan wili, amma tun da aiki ya mai da shi wata ƙaramar hukuma da ba ta da kwalta sai ta bakin sakatariya, kukansa ɗaya ne kullum: ciwon baya. Abokai suka ba shi shawara ya ɗaga motar, ya sa mata sifirin mai tauri. Ya bi shawara. Motar ta daina goga ciki a ƙasa, sai dai ta koma amalanke, ko tsakuwa ta taka sai ya ji a haƙoransa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Muna tsaye ana jayayya a kan ko a sake sayo wani sifirin, sai tsohon bakaniken da ke da garejin, wanda tun zuwanmu bai ce uffan ba, ya nuna wata mota da sifanar da ke hannunsa. Fijo 504 ce wagon, fentinta ya koɗe, tana fake a gindin darbejiya. Ya ce wa ƙanena, "Ɗan nan, je ka danna bayan waccan da iya ƙarfinka, ka saki." Ya je ya danna. Motar ta nutsa a hankali kamar raƙumi zai gurfana, ta taso, ta tsaya cak, ba ta ƙara rawa ba. "To, zo ka danna taka." Tasa ko gezau. Ƙanena ya ce, "Baba, ai tawa ta fi ƙwari ke nan." Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Taka faɗa take yi da hanya. Waccan lallashinta take yi." Ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa.

An saba yi wa littafi bita, ko fim, ko waƙa. Amma aikin injiniya ma wani ne ya zauna ya yi tunaninsa, ya zaɓi wannan ya bar wancan, don haka ana iya karanta shi a ga inda ya yi gwaninta da inda ya yi tuntuɓe. Abin da zan duba a nan shi ne abin da makanikai ke kira ƙafar mota, wato sifirin da shakazoba da hannuwan ƙarfe da robobin da ke tsakanin taya da bodi, kamar yadda kamfanin Peugeot ya tsara su a 504. Na zaɓe ta ne domin duk mai son ya gyara ƙafar motarsa ta yi daɗin zama a kan gargada, ko ya sani ko bai sani ba, amsar da yake nema an riga an rubuta ta da ƙarfe da mai a ƙarƙashin wannan mota.

Daga Sochaux zuwa Kakuri

An fito da 504 a watan Satumba na 1968. Da ma an shirya nuna ta tun farkon bazarar Turai, sai yajin aiki da zanga-zangar da suka girgiza Faransa a watan Mayun shekarar suka jinkirta ta. Gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya fitar da surarta, aka ƙera ta a masana'antar Peugeot ta Sochaux, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Yayarta 404 ta riga ta share mata fage a Afirka, domin ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka har sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968.

A wurinmu labarin ya ɗauki wani salo a 1975, lokacin da masana'antar Peugeot ta Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Akwai lokacin da jiragen dakon kaya ke jigilar sassanta daga Lyon zuwa Kano, a sauke a wuce da su Kaduna. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta mai da ita motar manyan jami'ai, 'yan kasuwa suka mai da wagon ɗinta motar haya tsakanin birane, a-kori-kurarta kuma ta zama jakin kasuwannin ƙauye. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, Kaduna kuwa sai a 2006 ta saki. Mota ba ta shekara 38 ana ƙera ta a banza. Wasu za su ce inji ne, wasu su ce arahar kayan gyara. Duk gaskiya ne, amma wanda ya taɓa barci a kujerar bayanta a kan hanyar da ko jaki sai ya zaɓi wurin taku, ya san ƙafar ce ta sayar da ita.

Darasin mai tallan nono

Kafin a leƙa ƙarƙashin motar, a dubi Bafulatanar da ta ɗauko ƙwaryar nono daga ruga. Hanyarta kunya-kunya ce da burtali da gangaren rafi, amma nonon ba ya zuba. Ƙafafunta na hawa da sauka da kowane tudu, gwiwa da ƙugu da wuya suna shanye motsin, ƙwaryar kuwa tana tafiya a miƙe kamar a kan igiya aka ja ta. Da za ta sandare gwiwoyinta, da kafin ta kai kasuwa rabin nonon ya tafi. Aikin ƙafar mota ke nan: taya ta bi ƙasa duk yadda ƙasa ta so, bodi kuma ya wuce kamar bai ji ba.

Abu uku ke sa hakan ta yiwu. Na farko laushin sifirin. Idan aka danna mota aka saki, tana da saurin lilonta na halitta, kuma injiniyoyi sun daɗe da gano cewa jikin mutum ya fi samun natsuwa idan lilon bai wuce sau 1 zuwa 1.5 a sakan ba. Idan girgiza ta kai sau 4 zuwa 8 a sakan, nan ne kayan ciki da ƙashin baya suka fi jin jiki. Idan kuma lilon ya yi jinkiri ƙwarai, kamar na kwalekwale, sai tashin zuciya. Lissafin yana da sauƙi: sifirin da nauyin mota ke matsawa da kimanin santimita 25 shi ke ba da lilo sau ɗaya a sakan, wanda ke matsuwa da santimita 6 kacal kuwa lilonsa ya kai sau biyu. Ashe duk taurin da aka ƙara wa sifirin, ana matso da girgizar ne kusa da inda jiki ya fi ƙinta.

Na biyu fili. Sifirin mai laushi ba shi da amfani in taya ba ta da inda za ta je. Da ta hau tudu za ta kai maƙura, ƙarfe ya daki robar tsayawa, a ji wannan ƙara mai kaɗa hanji. Dole a bar mata doguwar hanya ta hawa, da doguwar hanya ta sauka, don ta iya leƙa cikin rami ta taɓo ƙasa ba tare da ta jawo bodi ya bi ta ba.

Na uku linzami. Sifirin doki ne, in aka sake shi zai yi ta tsalle har a gaji. Shakazoba ce ke riƙe shi: fistin ne a cikin bututun mai, yana tura man ta ƙananan ƙofofi, ƙarfin girgizar ya koma zafi ya baje a iska. Gwanintar tana wajen daidaita ƙofofin nan, a bar taya ta hau tudu ba tare da turjiya mai yawa ba, amma a riƙe sifirin sosai lokacin da zai dawo. Abin da ƙanena ya gani ke nan a gindin darbejiya: nutsawa cikin sauƙi, tasowa sau ɗaya, tsayawa.

Babu ɗaya daga cikin ukun nan da Peugeot ta ƙirƙiro. Yabon da ta cancanta shi ne ta haɗa su a ma'auni ɗaya, kuma ba ta sayar da ko ɗaya don neman wata ƙawa ba.

Abin da ke ƙarƙashi

A gaba, 504 tana da tsarin da ake kira MacPherson, sunan injiniyan Amurka da ya tsara shi, wato shakazoba a tsaye, sifirin mai murɗi ya kewaye ta. Yau kusan kowace ƙaramar mota shi take amfani da shi, saboda haka ba nan abin mamakin yake ba. Bambancin yana ga tsawo. Duk wanda ya taɓa ɗaga 504 da jak ya san sai ya yi ta murzawa kafin tayar ta yarda ta bar ƙasa, domin tana ta miƙewa tana bin ƙasar. Wannan miƙewar ita ce dukiyar motar. Masu zanen bodi sun bar mata manyan rumfunan taya, tsakanin taya da fenda hannu na shiga har gwiwa, abin da masu zanen motocin yau ke ɗauka muni ne.

A baya, salun ɗin farko ya zo da abin da 404 ba ta da shi: kowace taya da hannunta na ƙarfe, tana lilo ita kaɗai daga wani ƙarfe da aka gicciya a ƙarƙashin kujerar baya, shi ma an ɗaure shi da bodi ta kan roba. Idan tayar hagu ta faɗa rami, ta dama ba ruwanta. Kuma da yake tukunyar giyar baya tana manne da jikin motar, ba ta hawa da sauka tare da tayoyi, nauyin da sifirin zai yi fama da shi ya ragu. Wannan muhimmi ne, domin duk nauyin da ke ƙasa da sifirin, irin su taya da wili da birki, guduma ce da hanya ke ɗagawa ta maka wa bodi. In gudumar ta yi sauƙi, dukan ma zai yi sauƙi.

Sai kuma bututun farfela, wanda a ganina shi ne wurin da aka fi nuna basira. A yawancin motoci masu jan baya, farfela a tsirara take juyawa a ƙarƙashin mota. A 504 an sa ta cikin wani kakkauran bututu da ya tashi daga bayan giya ya isa tukunyar baya. Amfanin da kowa ke gani shi ne dutse da yashi da ciyawa ba sa samun ta. Amfanin da ya fi wannan kuwa, musamman a masu sandar baya guda, wato waɗanda tayoyin bayansu biyu ke kan sanda ɗaya, shi ne bututun ne ke ɗaukar turin da tayoyi ke yi wa mota in an taka totur, da jan da suke yi in an taka birki. Tunda an sauke wa sifirin wannan kaya, ba a bukatar a taurara shi don ya riƙe sandar a wurinta. An bar masa aiki ɗaya tak, ɗaukar nauyi cikin laushi. Raba aiki irin wannan shi ke bambanta tsarin da aka yi wa tunani da wanda aka yi wa faci.

Wagon ɗin da ya biyo baya a farkon shekarun 1970 ya fuskanci tambayar da ta fi wuya: yaya za a yi mota ta yi laushi da direba shi kaɗai, kuma ta ɗauki mutum bakwai ko takwas da kayansu ba ta zauna a ƙasa ba? Hanya mafi sauƙi ita ce a sa mata sifirin mai falle-falle irin na manyan motoci. Peugeot ta ƙi. Ta ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya daga mita 2.74 zuwa mita 2.9, ta koma ga sandar baya guda mai jure lodi, sannan ta ɗora ta a kan sifirin mai murɗi guda huɗu, biyu a kowane gefe. Sifirin falle-falle yana da wani aibi: fallayen na gugar juna, sai an yi musu duka mai ƙarfi kafin su motsa, don haka ƙananan gargada kai tsaye suke wucewa zuwa kujera. Mai murɗi ba shi da wannan gardama, ko ɗan ƙaramin tudu yana amsawa. Shi ya sa fasinjan layi na uku, wanda ke zaune kusan a kan sandar, yake iya sauka a tasha da ƙafafunsa bayan tafiyar yini guda.

Shakazobar ma ta gida ce. Peugeot na cikin kamfanonin mota ƙalilan da suka daɗe suna ƙera tasu da kansu maimakon saye daga waje, saboda haka wanda ya auna sifirin da wanda ya auna ƙofofin mai a gida ɗaya suke. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ke cewa da an sa wa Fijo baƙuwar shakazoba sai halinta ya canza, ko da tsawo da kauri sun zo daidai.

Kada a manta da taya da kujera, domin su ma sifirin ne. Salun ɗin yana tafiya a kan wili mai inci 14 da taya mai faɗin milimita 175, wadda tsawon gefenta ya kai kimanin santimita 14 na roba da iska. Tayar ƙanena mai lamba 225/40 a kan wili mai inci 18, gefenta santimita 9 ne. Wannan bambanci na santimita 5 shi ke fara karɓar bakin rami kafin labari ya kai ga sifirin. Abin da ya tsere wa taya da sifirin da robobi kuma, sai ya tarar da kujera mai kauri da zurfi tana jiran sa. Matakai huɗu ne a jere, kowanne yana rage wa na gaba aiki.

Me ya sa ba Citroën ba?

Mai karatu da ya san motocin Faransa zai ce ai akwai wadda ta fi ta laushi. Haka ne. Citroën DS ta 1955, da tsarin da injiniya Paul Magès ya ƙirƙiro, ta yi watsi da sifirin ƙarfe gaba ɗaya, ta hau kan ƙwallayen iskar gas da mai mai matsi, tana daidaita tsayinta da kanta ko an yi mata lodi. Ita ce ta tsere da Shugaba Charles de Gaulle daga harin bindiga a Petit-Clamart a watan Agustan 1962 duk da an fasa mata tayoyi. In laushi kawai ake aunawa, DS ce sarauniya.

Amma hanyar da ta lalace galibi tana inda gareji ma ya yi nisa. DS na bukatar famfo da bututai da mai na musamman da bakaniken da ya koyi sirrinta, kuma in bututu ɗaya ya fashe sai ta kwanta a ƙasa kamar saniyar da ta ƙi tashi. 504 ta samo mafi yawan wannan laushi da abubuwan da yaron gareji a Funtuwa ko Maraɗi zai iya kwancewa da sifana da guduma. Daɗin zaman da za a iya gyarawa a bakin hanya ya fi wanda sai an koma birni, kuma a nan ne nake ganin 504 ta yi wa DS fintinkau a ƙasashe irin namu.

Hujja ba ta tsaya a bakin masoya ba. A 1975 Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci tseren Safari a Kenya da 504, Hannu Mikkola ɗan Finland kuma ya ci na Maroko da ita a shekarar. A 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da samfurinta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida. Motocin da ta kayar da yawansu sun fi ta ƙarfin inji, amma a dubban kilomitoci na laka da duwatsu, wadda tayoyinta suka fi zama a ƙasa kuma direbanta ya fi jinkirin gajiya ita ke isa. A shekarun 1970 da 1980 kuma matasan Turai sun riƙa sayen tsofaffin 504 su keto Sahara da su ta Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su koma gida a jirgi. Motar da aka gama yayinta a Faransa ta haye hamada da ƙafafunta, sannan ta fara sabuwar rayuwa ta haya.

Inda ta gaza

Yabon gwani ya zama dole, amma bita ba kirari ba ce. Laushi yana da farashi, kuma 504 ta biya. A kwana tana kwantawa gefe fiye da yadda direban yau zai yarda, duk da sandunan hana kwanciya da aka sa mata. In aka taka birki da ƙarfi sai ta dungura da hanci. Wanda ya saba da motar da ke amsa sitiyari nan take zai ji kamar tana yin shawara kafin ta juya.

Ƙafar baya mai zaman kanta tana da nata laifin. In lodi ya yi yawa, bayan motar na nutsewa, tayoyin su gwame, samansu ya karkata ciki, sai cikin taya ya cinye tun wajen yana sabo. Kamfanin da kansa ya fitar da salun mai rahusa a 1973 da sandar baya guda, wadda ta fi jure wahala amma ta rage wani abu daga laushin, kuma a kan gargada in ana cikin kwana bayanta kan yi tsalle gefe. A-kori-kurar kuwa sifirin falle-falle aka sa mata, in babu kaya a bayanta ba ta da wani daɗin da za a yi mata waƙa. Saboda haka in an ce 504 ta iya hanya, a tambaya wacce daga ciki.

Tsatsa ma ta ci ta ƙwarai a Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, har takan ci wuraren da ƙafar ke kamawa. Busasshiyar iskar Arewa ce ta rufa mata asiri a nan.

Babban abin da zan riƙe ta da shi kuwa rabi nata ne, rabi namu. Motar da ke ɓoye wa direba munin hanya tana iya ruɗinsa. Gudun da zai sa wata mota ta yi ta kururuwa har direba ya sassauta, 504 cikin natsuwa take yin sa, alhali ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, jikinta kuma na zamanin da ba a kai ga ilmin kare fasinja na yau ba ne. A haɗa wannan da lodin da ya wuce ƙa'ida, da tayar da ta suɗe, da shakazobar da aka cika da man da ba nata ba, sai a gane dalilin da ya sa tsofaffin matafiya ke tuna wagon ɗin haya da ƙauna da fargaba a lokaci guda.

Abin da mai gyara zai ɗauka

Ba ina cewa kowa ya koma neman 504 ba, zamaninta ya wuce. Amma wanda ke son motarsa ta yau ta rage dukansa a kan burji zai iya bin tsarin tunaninta, daga mai araha zuwa mai tsada.

Ya fara da iska. Masu faci da yawa suna cika taya fiye da ƙima, wasu ma da bugun ƙarfe suke aunawa. Adadin da kamfani ya tsara yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, a bi shi da geji mai kyau. Daga nan sai wili: in motar na karɓar ƙarami ba tare da ya taɓa birki ba, a sauko daga inci 18 zuwa 16, a sa taya mai dogon gefe yadda faɗin da'irar zai zauna kamar da. Wannan kaɗai yakan yi abin da sabon sifirin bai yi ba, ga shi wilin ya huta da lanƙwasa. Sai robobi da bushin, domin wanda ya tsage ko ya bushe yana mai da ƙaramin motsi ya zama ƙara da duka. Sai shakazoba, a canza su bibbiyu, hagu da dama tare, kuma a sayi ta ƙwarai, don a kan gargada man cikinta zafi yake yi, mai arha kuwa tun ba a yi nisa ba take sakin linzami.

Sifirin shi ne na ƙarshe da za a taɓa, kuma da dalili. In mota kullum cikin lodi take har tana dukan maƙura, ƙarin ƙarfi kaɗan a baya zai taimaka, domin sifirin da ya ƙare tafiyarsa ya fi kowane sifirin tauri. In kuwa mutum ɗaya ko biyu take ɗauka, taurarawa ƙara ciwo ne. Haka ɗagawa: ɗan kaɗan na iya ceton cikin mota, amma in aka cusa kauri mai yawa, an cinye filin da taya ke sauka cikin rami, an karkatar da sandunan da ke juya tayoyi, an kuma ɗaga nauyin motar sama inda kwana za ta fi rinjayarsa. Gaba da baya ma sai sun yi jituwa. Tun a shekarun 1930 injiniya Maurice Olley ya nuna a kamfanin General Motors cewa in bayan mota ya ɗan fi gabanta saurin lilo, yakan cim ma gaban bayan an haye tudu, motar ta sauka a miƙe maimakon ta yi ta sukuwa. Wanda ya canza sifirin gaba ko na baya kaɗai da ka, wannan jituwar yake ɓatawa.

Ƙanena ya mayar da sifirinsa na asali, ya sayar da manyan wilin ya sayi masu inci 16, ya sa sababbin shakazoba huɗu. Motarsa ba ta zama 504 ba, domin ba a bar mata filin da za ta zama ba tun daga masana'anta, kuma har yanzu akwai gangaren da sai ya bi shi a karkace. Amma ya daina ajiye man zafi a aljihun mota.

Ranar da muka je ɗaukar ta, na tarar an tayar da tsohuwar wagon ɗin nan. Wani mai kai kaya kasuwar ƙauye ne ya saye ta, an ɗora mata buhunan masara har bayanta ya sunkuya. Na tsaya ina kallo ta nufi ramin da ke bakin garejin, wanda kowace mota sai ta tsaya ta lallaɓa kafin ta haye. Tayar gaba ta nutsa ta fito, ta baya ta nutsa ta fito, yaron da ke zaune a gaba da kofin shayi a hannu ko kallon kofin bai yi ba. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Shekara 38 wannan mota ta yi ana ƙera ta tana durƙusa wa kowane rami, ta miƙe da tsawonta ta wuce.